4558 ko NE5532? Kafin ka kashe kuɗi a kan IC

Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, sifika da amfilifayar waje suka fi ƙarfin aljihun matashi. Shi ya sa masu shagon caji da masu kiɗan biki, daga Gummi zuwa Anka, suka koma wa haɗin gida. Sai musu ya tashi a TikTok da Facebook: wace IC ce ta fi zaƙin sauti?

Bari mu baje su a faifai. JRC4558 ita ce ta kowa, ga araha, kana iya cire ta ko a tsohuwar rediyo. NE5532, wadda kamfanin Signetics ya fitar a 1979, ta fi ta ƙarancin shuuu ɗin nan da kake ji idan waƙa ta tsaya, amma ta fi cin wuta. TL072 tana lallaɓa batir, ta dace da mai sola, sai dai ba ta kai NE5532 shiru ba. Dukkansu ƙafa takwas ne, jeri ɗaya, don haka ka sa soket, ka riƙa musanyawa ba sai ka narka komai ba.

To amma fa, ɗan'uwa, waɗannan IC ba su ke tura sifika ba. Aikinsu gyara sauti kafin ya isa ga mai ƙarfin, irin su TDA2030. Idan wutarka ba ta da tsabta, kafasitarka ta gaji, ko akwatin sifikar yana kakkarwa, ko wace IC ka sa, aikin banza ne. Ga kuma jabu: ana goge sunan mai araha a buga na mai tsada.

Ka gwada da kanka. Abokinka ya musanya su ba ka gani, waƙa ɗaya, ƙara ɗaya. In ba ka iya bambancewa ba, kai kuɗin ga taransifoma da sifika.

Abin da musun ya manta shi ne dalmar liƙi. Wadda aka fi samu, kashi 40 cikin 100 dalma ce zalla. Mutanen Sunke, Dareta da Bagega ba sa buƙatar a gaya musu illarta: gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Kada ka riƙe ta da haƙori. Kada ka yi liƙi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Tattara ɓurɓushin, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa tuwo.

Rigakafi ya fi magani. IC dai in ta ƙone, ka sayo wata. Ƙwaƙwalwar ƙaninka fa?