Takardar NIN a hannun mai awara

Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a unguwar Daɗin Kowa da ke Jos ya san yadda abin yake. Mutum ya miƙa takardarsa ta NIN a fitar masa da kwafi, wadda ta fito da duhu a jefa ta kwali. Kafin magariba wannan takarda, da sunansa da hotonsa da adireshin gidansa, tana iya zama ƙunshin awara. Wani kuma ta WhatsApp yake tura wa mai shago, ta zauna a wayar yaron shagon har sai ranar da aka sayar da wayar.

Tun Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa NIN da layin waya, jama'a suka sha rana a kan layi suka bi umarni. Wanda ya tilasta maka ba shi ajiya, amana ta hau kansa. Amma a Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100 kacal. Hukumar NIMC mai kula da NIN ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Ko ta ina suka fita, sun dai fita.

A wani garin, asarar kuɗi ce kawai za a ji tsoro. Jos kuwa ta ga rikicin 2001, ta ga na 2008, ta ga na Janairun 2010 lokacin da saƙonnin tes suka riƙa rura wutar rikici. A nan suna kaɗai yana iya nuna addinin mutum da ƙabilarsa, balle a haɗa da lambar gida. Daɗin Kowa ta yi suna ne saboda Musulmi da Kirista sun tsare wa juna rai da mutunci sa'ad da wasu unguwanni ke ci da wuta. Jerin sunaye da adireshi a hannun mugu yana iya rusa abin da dattawa da matasan unguwar suka gina.

Doka tana nan. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma a Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanai da ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba kowa ikon tambayar me aka ajiye a kansa, da neman a gyara ko a goge. Sai dai mutum nawa ne a Daɗin Kowa suka taɓa jin haka da harshen da suke ciniki da shi?

Muna kira ga NDPC ta sauko Jos, ta zauna da masu shagunan buga takardu, masu POS da masu rajistar layi, ta kuma yi bayani da Hausa a rediyo. Gwamnatin Filato ta fara da ofisoshinta da makarantunta. Mai shago kuwa ba sai ya jira Abuja ba: ya mayar wa mai takarda kwafin da ya lalace, ya goge hoton a gabansa.