Ra'ayi: Wa ya ce sai a watan Agusta za a yi biki a Malbaza?

Tun daga ƙarshen watan Yuni, da zarar an rufe makarantu an shiga babban hutu, waya ba ta ƙara samun sukuni. Katin gayyata na bin katin gayyata a WhatsApp: wane zai angwance ranar Asabar a Malbaza, za a kai 'yar wane ɗakinta a Dogarawa, akwai kamu a Galmi, akwai rawar dare a Ƙonni. Motocin da ke bin babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi suna ta sauke ɗalibai da ma'aikata da 'yan ƙasar waje, kowa da akwatinsa da sabuwar shaddarsa. Fada-fadar samari da suka yi wata takwas a bushe sai su cika, buta ba ta sauka daga kan gawayi. 'Yan mata kuma sun san cewa yanzu ne ake zance na gaske, domin mazan suna gari.

Ba zan ɓoye ba, ina son wannan lokaci. Ina son ƙamshin ƙasa bayan ruwan la'asar, da kwaɗon tafasa da ya ji ƙuli-ƙuli, da gasasshiyar masara a bakin kwalta, da furar da aka dama da nonon da ya wadata saboda shanu sun ƙoshi. Wanda ya yi shekara yana cin burodi da taliya a ƙasar wasu ya san abin da nake nufi. Ina kuma son in ji muryar Hamisu Breaker ko Ado Gwanja tana tashi daga wani lungu, in san cewa yau wani gida na cikin farin ciki.

Amma duk da haka ra'ayina shi ne mun ɗora manyan bukukuwanmu a kan watan da ya fi kowane wata nauyi a wuyan manomi, kuma mu da ke zuwa daga nesa mu ne muka jawo hakan.

Duk wanda ya tashi a Adar ya san yadda shekara take tafiya. Ana shuka a Yuni ko farkon Yuli idan Allah ya kawo ruwa. Yuli da Agusta na noma ne da maimai, lokacin da kwana uku na sakaci kan sa ciyawa ta shanye gona. A daidai wannan lokaci ne rumbu yake kaiwa ƙasa. Geron bara ya ƙare ko yana shirin ƙarewa, na bana ko bununi bai gama ba, tiya kuma ta kai ƙololuwar tsadarta a kasuwa. Ba don wasa ba ne gwamnati kan fito da hatsi daga rumbunan OPVN ta sayar a farashi mai rahusa a waɗannan watanni. Ita kanta tafasar da muke ɗaukar hotonta muna turawa abokai a Faransa, a gidaje da dama ita ce ke cike gurbin tuwon da babu. Ga zazzaɓin cizon sauro, wanda ya sa ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna ba ƙananan yara maganin rigakafi daga Yuli zuwa Oktoba. A 'yan shekarun nan kuma Babbar Sallah tana faɗowa a bakin damina, a watan Yuni ta zo a 2024 da 2025, wato kafin magidanci ya farfaɗo daga kuɗin rago da iri da taki, sai ga katin biki.

Iyayenmu ba su da kalanda a bango, amma sun san wannan lissafi. Shi ya sa suke barin hidimar aure sai kaka, idan an kai damman gero gida, an roro wake, an biya bashi. A lokacin ne ake kiɗa, ake kokawa a dandali, ake kai amare, sannan samari su ɗaura jaka su kama hanyar ci-rani.

To me ya sauya? Akwai masu tafiya iri biyu a yankinmu, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai ɗan ci-rani na asali, wanda Adar ta yi suna da shi tun kafin a haife mu: yana fita bayan girbi zuwa Abijan, Legas, Kwatano, Libiya ko Aljeriya, ya yi shayi, ya yi dako, ya yi talla, ya dawo da ruwan farko ya kama hauya. Wannan yana tafiya ne da agogon gona. Akwai kuma mu: ma'aikacin ofis a Yamai, malamin makaranta, ɗalibin jami'a, da wanda ya samu takardu a Faransa, Beljiyam ko Amurka. Hutunmu a Yuli da Agusta yake, domin haka makarantu da wuraren aikinmu suka tsara. Kuma da yake a hannunmu kuɗi suka fi yawa, sai ya zama da saƙon murya ɗaya muke tsayar da ranar biki: «A bari sai na zo a Agusta.» Ba wanda ke iya musa wa mai aiko da kuɗi.

Ni ma na taɓa yi. Da aka zo auren ƙanena, ni na zaɓi rana, tsakiyar Agusta, saboda a lokacin ne zan samu mako uku. Na biya sadaki, na haɗa lefe, na kama mai kiɗa da rumfuna da kujeru, ina ganin na sauke wa kowa nauyi. Bayan an watse, na je yi wa kawuna sallama, na tarar da turken da na saba ganin tumaki uku saura ɗaya. Na tambaye shi. Ya yi shiru, sannan ya ce, «Ɗana, kai ka biya abin da ido ke gani. Baƙin da suka kwana huɗu a gidan nan, iska suka ci? Innarka za ta shiga cikin mata ba anko? Gonar da muka bari mako guda, da bakinka za a nome ta?» Na ce, «Kawu, ai da kun faɗa mini.» Ya ce, «Babba ba ya roƙon ɗansa a kan abin da ya zama dole.»

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wannan kuɗin da ba ya shiga lissafin mai aikowa shi ne ainihin nauyin bikin damina, kuma ba a kan gidan ango kaɗai yake sauka ba. Uwar amarya tana da gado da katifa da kwanuka da gara a gabanta. Kowace mace a dangi tana da bikin da aka taɓa yi mata wanda dole ta mayar, sau da yawa da ƙari, ko da za ta ci bashi ko ta karɓi adashinta kafin lokaci. Abokan ango na da anko da man babur. Idan a unguwa ɗaya aka yi biki biyar cikin mako shida, lissafa sau nawa hannu ɗaya zai shiga aljihu ɗaya. Wani ya sayar da akuya a lokacin da kowa ke sayarwa. Wani ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa da alkawarin biya da gero a kaka, a farashin da ɗan kasuwar ya yanka. Wani saurayin ya bar gonar ubansa ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samu na liƙi.

Shi kuwa ƙaramin ɗan ci-rani, wanda ya dawo da ɗan abin da ya tara cikin wata bakwai yana kwana a rumfar kasuwa, shi ya fi kowa shan wahala. Yarinyar da yake so ta ga akwatunan da aka kai wa ƙawarta, ta ga bidiyon da aka ɗauka, ta ga mawaƙin da aka ɗauko daga Najeriya. Ba laifinta ba ne idan ta sa rai. Sai ya zama ko dai ya zuba duk jarinsa a kwana uku, ko ya ce mata ta jira shi wata shekara, kuma mun san yadda jiran nan yakan ƙare.

A nan yankin Malbaza akwai wani lissafi na daban da ya shafi albasa. Galmi, wadda albasarta ta yi suna har Abijan da Akara, a cikin gundumarmu take, kuma kuɗin gidaje da yawa a kwarin Magiya daga fadama suke fitowa. Ana cire mafi yawan albasa ne daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ta cika kasuwa, buhu ya faɗi warwas. Wanda ya iya haƙuri ya zuba tasa a rudu, ko da wani kaso zai ruɓe, yakan ga farashi ya ninka idan aka doshi ƙarshen shekara. Uban da aka sa wa 'yarsa rana a Agusta ba shi da wannan haƙurin, domin tun Mayu kafinta da mai kwanuka ke jiran kuɗi. Zai sayar a lokacin araha. Bayan biki kuma, a Satumba da Oktoba, lokacin da ake neman kuɗin iri da taki da man injin ban-ruwa don sabuwar shekara, sai a tarar jarin ya tafi a shinkafa da lemo. Biki ɗaya ya ci albasar bara, ya kuma taɓa ta baɗi.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne batun ɗaki. Garin da ke da masana'antar siminti tun shekarun 1960, garin da idan aka ambaci sunansa a Nijar siminti ke fara zuwa zuciyar mutum, a nan ne za ka ga an kashe abin da zai isa a yi ɗaki mai ƙwari a kan rawar dare ɗaya, sannan a kai amarya ɗakin ƙasa da aka yi wa yaɓe cikin gaggawa ana tsakiyar ruwa. Ba mu manta da daminar 2024 ba, wadda ambaliyarta ta rushe gidaje a duk faɗin ƙasa har ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, gwamnati kuma ta rage farashin siminti a watan. Ango mai hankali, idan yana da jaka ɗari uku a hannu, ya san inda ya kamata su tafi.

Na san abin da za a ce mini, kuma wasu daga cikin maganganun suna da ƙarfi. Za a ce idan aka bari sai kaka, ɗan ci-rani zai yi mako biyu ko uku kawai da amaryarsa ya tafi ya bar ta a gidan surukai. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da ba ta gama sanin mijinta ba. Za a ce iyaye na tsoron jinkiri idan yara sun riga sun daidaita, shi ma gaskiya ne. Amma ai ba aure nake cewa a ɗage ba. Aure waliyyi ne da shaidu da sadaki, sai walima gwargwadon hali. Ana iya ɗaura shi a Yuni, amarya ta tare da abin da ya sawwaƙa, su yi daminarsu tare. Abin da nake cewa a kai kaka shi ne taron: baƙin nesa, anko, gara, kiɗa, mayar da biki. Mun ma ga misalinsa ba da son ranmu ba. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da aka rufe iyakar Ƙonni da Illela ta Najeriya, kayan ɗaki da atamfofi suka yi wuyar samu, 'yan waje da yawa suka fasa zuwa. Na halarci aure biyu a watan, kowanne da goro da dabino da tukunya biyu. Duka biyun suna nan lafiya, da 'ya'yansu.

Za a kuma ce tela da mai kitso da mai lalle da mai hoto da mai kiɗa da ɗan kabu-kabu da wannan lokaci suke ci. To ai ba a hana su ci ba, an dai matsar musu da kasuwar ne zuwa Nuwamba da Disamba, lokacin da masu biyansu ke da abin biya, ba a yi musu «sai bayan girbi» ba. Mai shirya wasa ma ya fi kowa sanin haɗarin tara jama'a a fili a watan da hadari kan haɗu cikin minti ashirin. Su kuma masu albasa za su ce Disamba lokacin dashe ne da ban-ruwa. Haka ne, amma ban-ruwa da rumbu a cike ba ɗaya yake da maimai da ciki a wofi ba.

Sauran mu 'yan nesa. Hutun ƙarshen shekara gajere ne, tikiti na da tsada, yara na makaranta. Na sani. Amma zaɓi biyu ne a gabanmu, kuma dukansu sun fi abin da muke yi yanzu. Ko dai mu yarda a yi biki a lokacin da ya dace da gida, mu zo idan mun samu hali, idan ba mu samu ba mu kalla ta waya, babu auren da ya taɓa ɓaci don yaya bai zo daga Brasil ko Niyok ba. Ko kuma, idan lallai sai Agusta, mu ɗauki lissafin gaba ɗayansa: hatsin baƙi, kuɗin 'yan ƙwadagon da za su riƙe gona, har da abin da uwar amarya ba za ta taɓa buɗe baki ta faɗa ba. Kada mu tambayi dattijo ko yana da buƙata, domin zai ce babu. Mu tambayi ƙannenmu mata, su suka san abin da aka sayar.

Malamai da masu unguwanni da sarakunan gargajiya sun sha yin magana a kan tsadar aure, yawanci a kan sadaki da lefe. Ina ganin da za su ƙara da batun lokaci, da ya fi sauƙin karɓuwa, domin ba a ce wa kowa ya rage darajar 'yarsa ba. An ce ne kawai ya jira gero ya shigo.

Bana ƙanwata ce za a aurar. Da aka kira ni a kan rana, na ce a tambayi Kawu. Ya sa ɗaurin aure mako biyu bayan Sallah, taro kuma sai an gama ɗaurin damma. Inna ba ta ji daɗi ba, ta ce ƙawayenta za su ce mun gaza, har yanzu ba ta gama huce mini ba. Na riga na nemi hutun mako guda a Disamba, ban san ko za a ba ni ba.