Adda: ta kanti ko ta maƙeri?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, rani ya yi nisa, lokacin sassabe ya matso. Kowane magidanci yana duba kayan aikinsa: hauya, gatari, lauje da adda. Wanda addarsa ta mutu, tilas ya nemi wata kafin ruwa ya sauka. Ran kasuwa zai tarar da iri biyu. Ga ta kanti, wadda aka yi a masana'anta, aka kawo daga nesa. Ga kuma ta maƙeri, wadda aka ƙera da hannu. Wacce ya kamata ya ɗauka?

Ra'ayinmu shi ne: mai aiki da adda ko barho kullum, ya je wurin maƙerin da ya sani, ya sa a ƙera masa daidai da aikinsa. Dalilinmu babba guda ne. Idan ta sami matsala, akwai wanda za a koma wa. Amma ba za mu ɓoye alherin ta kanti ba, ba za mu kuma ɓoye aibin waɗansu maƙera ba.

Alherin addar kanti

Addar kanti ta ƙwarai tana da abin yabo. Akwai mai tambarin kada, ta kamfanin Martindale na ƙasar Ingila, wadda manoman Afirka suka daɗe da sani. Akwai ta kamfanin Tramontina na ƙasar Birazil. Shi wannan kamfani, a shekara ta 1911 da aka kafa shi, ƴar ƙaramar maƙera ce. Ashe babbar masana'anta ma daga zuga-zugi ta taso.

A masana'anta, na'ura ce ke auna zafin wuta. Saboda haka adda dubu sukan fito kusan iri ɗaya. Idan ka sayi ɗaya ta yi maka kyau, ƴar'uwarta ma za ta yi. Ƙarfenta siriri ne, kaurinsa wajen milimita 2. Ba ta da nauyi, hannu ba ya saurin gajiya. Wajen yankan ciyawa, ko karan hatsi da na dawa, ko saran zana, tana da daɗin aiki. Kuma ba jira: ka biya, ka ɗauka, ka tafi.

Sai dai abu uku. Na farko, an yi ta domin kowa da kowa. Wanda ya yi ta bai san hannunka ba, bai san itacen gonarka ba. Na biyu, akwai ta jabu a kasuwa, mai kwaikwayon tambarin ta ƙwarai. Akwai kuma wadda ba ta da suna ko kaɗan, sai ƙyalli. Irin wannan, sara kaɗan sai bakinta ya lanƙwashe. Na uku, idan ta karye, mai tebur zai ce ba shi ya yi ta ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Kuɗinta ma ba a hannunmu yake ba. Manya suna tune da watan Janairu na shekara ta 1994, sa'ad da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. A shekara ta 2023 kuma, da aka rufe iyakoki, kayan da ke biyowa ta tashar jirgin ruwa ta Kotonu suka yi wuyar samu. A duk waɗannan lokuta, wutar maƙera ba ta mutu ba.

Alherin addar maƙeri

Ƙira ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A duwatsun Tarmit, gabas da Damagaram can cikin arewa, masu bincike sun tarar da alamun aikin ƙarfe da suka haura shekara 2000. A ƙasar Adar, kakanninmu sun haƙo tama sun narka ta da kansu. Har yau garuruwa da yawa suna da Sarkin Maƙera. Yanzu an bar narka tama, maƙera suna aiki da tsohon ƙarfe. Amma sanin wuta yana nan.

Maƙeri yana iya yin abin da masana'anta ba ta yi. Yana duba hannunka ya sassaƙa ƙota daidai da shi. Idan kai bahago ne, ya sani. Idan aikinka saran ƙaya ne domin shinge, ya yi maka doguwa, hannunka ya nisanci ƙaya. Idan saran kalgo da sabara ne, ya yi maka mai kauri, nauyinta can wajen kai. Idan kai mahauci ne, ya yi maka barho biyu: siriri na fiɗa, da kakkaura na saran ƙashi. Mace mai faskaren icen girki, ya rage mata nauyi.

Bayan haka, addar maƙeri ba ta mutuwa farat ɗaya. Idan bakinta ya yi giɓi, ya mai da ta wuta ya gyara. Idan ƙota ta tsage, ya sa wata. Idan ta tsufa ta siranta, ya mai da ita wuƙar ɗaki. Kuɗin da ka biya kuma yana nan cikin gari. Gobe da shi maƙeri zai sayi hatsinka.

Asirin yana cikin ƙarfe da ban ruwa

To, ba kowace addar maƙera ce ta ƙwarai ba. Wannan gaskiya ce, kuma maƙera na kirki sun san ta. Domin mu iya bambancewa, ya kamata mu san abu biyu.

Na farko, irin ƙarfen. Ba kowane ƙarfe ke riƙe kaifi ba. Ƙarfen gini da ƙarfen tsohuwar ganga suna da taushi. Ko an wasa su, ba su daɗewa sai su dakushe. Ƙarfen da ya fi dacewa da adda shi ne faffaɗan nan da ke ƙarƙashin mota, wanda ke ɗauke da nauyinta. An yi shi domin ya lanƙwasa ya komo, ba tare da ya karye ba. Amma idan ya riga ya tsage tun yana jikin mota, tsagar za ta bi shi har cikin adda.

Na biyu, ban ruwa. Bayan ƙira, maƙeri yana mai da ƙarfe wuta har ya yi ja, sa'an nan ya tsoma shi cikin ruwa ko mai. Wannan ne ke sa shi tauri. Amma taurin farko ya yi yawa, ƙarfen yana iya fashewa kamar kwalba. Sai an sāke ɗumama shi kaɗan, taurin ya sassauta. Nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. Idan tauri ya yi yawa, baki ya ɓantare. Idan ya kāsa, baki ya lanƙwashe.

Saboda haka, sa'ad da muka ce a je wurin maƙeri, ba muna nufin tarin addunan da aka zube a ƙasa ran kasuwa ba, waɗanda ba a san wanda ya ƙera su ba. Sau da yawa an yi su da gaggawa domin araha. Su da jabun kanti duk tafiyarsu ɗaya: ba wanda zai amsa laifinsu.

Wani aibi kuma shi ne jinkiri. Idan damana ta kusa, maƙera takan cika da masu gyaran hauya. Wanda ya zo a makare, sai ya yi ta zarya. Maganin wannan shi ne a je tun da kaka, ko cikin sanyi, sa'ad da maƙeri yake da sarari.

Itacen gona yana son kaifi

Akwai dalilin da ya sa maganar adda ta fi dā muhimmanci. Tun shekara ta 1983, a jihar Maraɗi, manoma suka soma abin da ake kira sassabin zamani, tare da wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo. Maimakon a sare tohon kututture duka a ƙone, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi, guda 5 ko ƙasa da haka, a bar su su girma, a cire sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a kan hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar, yawancinsu a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Wannan aiki ba ya yiwuwa da dakusasshiyar adda. Ita ba ta yanke reshe, sai ta farfasa shi, ta saɓule ɓawo. Ta wurin raunin nan ƙwari da ciwo ke shiga itace. Mai kaifi kuwa, sara ɗaya ko biyu, wurin ya fita sumul, ya warke da sauri. Malaman gona suna cewa a sari reshe daga ƙasa zuwa sama, kada nauyinsa ya yage ɓawo. Wanda ke renon gawo da kalgo a gonarsa, addar da ke riƙe kaifi yake bukata, da maƙerin da zai gyara ta kusa da gida.

Mu yi lissafi

Ga misali, kowa ya sa kuɗin kasuwarsu a madadin namu. A ce adda marar suna jika 1 da rabi ce, kuma kowace shekara sai an sayi sabuwa. Cikin shekara 4, an kashe jika 6. A ce ta maƙeri jika 3 ce, kuma cikin shekara 4 an kai ta gyara sau 2, kowane gyara dala 100. Dala 200 jika 1 ke nan. Duka an kashe jika 4, kuma addar tana nan. Ba mu sa ranakun aikin da aka rasa ba, sa'ad da ta araha ta karye ana tsakiyar sassabe. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Abin da za a faɗa wa maƙeri

1. A faɗa masa aikin da za a yi da ita: ciyawa, ko ice, ko nama.
2. A tambaye shi irin ƙarfen, a gan shi da ido kafin ya shiga wuta. Wanda ke da nasa ƙarfen mai kyau, ya kai.
3. A auna tsawo. Santimita 45 ya isa yawancin aikin gona.
4. Wutsiyar ƙarfen ta shige cikin ƙota har ƙarshe, a ɗaure ta da ƙusa 2 ko 3. Ƙotar ta zama ta busasshen ice mai ƙarfi, kamar aduwa.
5. A yi ciniki gaban shaida. Mu da muka koyi rubutu, mu rubuta kuɗi da ranar karɓa.
6. Ranar karɓa a gwada ta nan take. A sari busasshen ice sau da yawa, a duba baki. A goga magagari: idan ya ci ƙarfen da sauƙi ƙwarai, ta yi taushi. A rataye ta a ƙwanƙwasa: mai tsaga ba ta yin ƙara mai tsawo.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Maƙerin da ya amince da aikinsa ba ya jin haushin gwaji. Wanda kuma ya zaɓi ta kanti domin aikinsa marar nauyi ne, bai yi laifi ba. Ya dai saya wurin ɗan kasuwar da ya sani, ya duba ƙota da ƙusoshi. Yawancin addunan kanti ba su zuwa da cikakken kaifi, sai an wasa su kafin aiki.

Adda da lafiyarmu

Mutane da yawa suna tsammani mai kaifi ta fi haɗari. A wajen aiki, dakusasshiya ce ta fi yi wa mai ita rauni. Tana sa a yi sara da ƙarfi, sai ta zame daga ice ta sami ƙafa. Ƙota mai girgiɗi ma haka: ƙarfe yana iya fita ya sami na kusa. A ɗinka wa adda kube wurin baduku. A rataye ta inda yara ba su kai.

Idan an yanke, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu. A danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko kashin dabba. A je gidan likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne, in dai ya yi zurfi ko ƙasa ta shiga. Dalili shi ne ciwon tetanos, mai sarƙe haƙora, mai sandarar da jiki. Mutane suna cewa tsatsa ce ke kawo shi. Ainihin ƙwayar ciwon tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta wurin rauni take shiga. Alamunsa sukan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, sau da yawa bayan an manta da raunin. Yana kisa, amma yana da allurar rigakafi. Saboda wannan ciwo ne kuma ba a yanke cibiyar jariri da wuƙar gida, sai da sabuwar reza.

Barhon nama a ware shi daban da addar gona. Bayan aiki a wanke shi da sabulu, a shanya, a shafa masa ɗan man gyaɗa domin kada ya yi tsatsa. Kada a shafa baƙin man mota a wuƙar da ke taɓa abinci.

Ƴan'uwa, kada mu jira hadarin farko. Mu kuma kira maƙeranmu su riƙe amana: su faɗi gaskiyar ƙarfen da suka sa, su cika ranar da suka ɗauka. A ajin yaƙi da jahilci na wannan mako, kowa ya zo da addarsa. A auna tsawonta, a rubuta inda aka saye ta, da kuɗinta, da shekarun da ta yi. Idan an haɗa lissafin gari duka, za a san maƙerin da ya cancanci a kai masa aiki.