Makulli na Biyu: Manhajar Tantancewa da Rashin Sunanta a Hausa

A garuruwa irin su Sabon Birni ta ƙasar Gwarzo, sau da yawa ba mai asusu ne yake buɗe asusunsa na intanet da kansa ba. Ɗalibin da zai yi rajistar JAMB yakan je wurin mai shagon kwamfuta, shi zai buɗe masa imel, ya zaɓa masa kalmar sirri, ya rubuta masa ita a guntuwar takarda. Sirrin da aka haifa a hannun mutum biyu kuwa suna kawai ya tara. Saboda haka mutumin karkara ya fi na birni bukatar makulli na biyu, wato tantancewa mai mataki biyu.

Hanyar da aka fi sani ita ce lambar da ake turowa ta saƙon tes, sai dai ta dogara ne kacokan ga layin waya. A watan Satumba na 2021 an katse sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, jihar da Gwarzo take iyaka da ita. A Afrilun 2022 kuma aka hana layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba yin kira. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi ma kamfani yakan sayar wa wani, saƙonnin tsohon mai shi su riƙa faɗawa hannun baƙo.

Manhajar tantancewa, irin su Google Authenticator, ba ta jiran saƙo. Ranar da aka haɗa ta da asusu takan ajiye wani ɓoyayyen mabuɗi, ta riƙa haɗa shi da agogon wayar tana fitar da lamba mai alƙaluma shida, wadda take sauyawa duk daƙiƙa 30. Ko babu sabis lambar za ta fito, muddin agogon yana daidai.

Masu suka suna da hujja. Manhajar tana bukatar babbar waya, kuma idan aka ƙwace wayar, abin da ba baƙo ba ne a Kano, mai asusu zai iya tsintar kansa a waje. Maganin wannan shi ne lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa tun farko, a rubuta su a adana inda ake adana takardar gona.

Inda gizo yake saƙa shi ne harshe. Manhajar ba ta kare wanda ɗan damfara ya kira, ya karanto masa lambar da bakinsa. Bahaushe yana kiran kalmar sirri da lambar katin banki da wannan lamba mai gajeren rai duk da suna ɗaya, "lambar sirri", alhali ya saba miƙa biyun farko ga mai shago ko mai POS. Me zai hana shi miƙa ta ukun? Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta daɗe tana aikin ƙirƙirar kalmomi, kuma nan ga gurbi a buɗe. Ana bukatar sunan da zai ɗauki gargaɗinsa a cikinsa, kamar "lambar kar-ka-faɗa", a gwada shi a kasuwar Gwarzo da ta Kabo kafin a shigar da shi ƙamus.