Sharhi: Zazzaɓin "japa" a Nijeriya, da abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani kafin ya saki jarinsa

Duk wanda ke shiga Kano ko Katsina ko Sakkwato saro kaya a ƴan shekarun nan ya san akwai wata kalma da ta cika bakin matasa, wato "japa". Kalmar Yarbanci ce mai nufin a tsere, kuma yanzu ita ce sunan da ake kiran fitar da masu ilimi da masu sana'a ke yi daga Nijeriya zuwa Kanada da Ingila da Amurka da Ostareliya. Waɗannan ba su bi ta Agadas cikin mota a kan rairayi. Da fasfo da biza suke hawa jirgi, kuma burinsu shi ne takardar zama na dindindin. Mun ga ya dace mu tattauna wannan batu a wannan fili, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa, sannan sau da yawa kuɗin da ake tafiyar da su daga aljihun ƴan kasuwa da adashen mata suke fitowa, ko a can ko a nan.

Da farko sai mu bambance takardu biyu da ake yawan haɗawa wuri guda. Akwai bizar aiki, wadda ke ɗaure mutum da wanda ya ɗauke shi: in aikin ya ƙare, zaman ma ya kama hanyar ƙarewa. Akwai kuma takardar zama na dindindin, wadda ke ba mutum damar zama da iyalinsa, ya canja aiki yadda ya ga dama, daga baya ya nemi zama ɗan ƙasa. Ingila ta fi ba da ta farko, sai mutum ya yi shekaru yana aiki kafin ya nemi ta biyu. Kanada kuwa tana iya ba mutum ta biyun tun yana gidansu, shi ya sa hankalin ƴan Nijeriya da yawa ya karkata can.

Yadda Kanada ke auna mutane

Tun watan Janairu 2015 Kanada ta buɗe wani tsari da ake kira Express Entry. Duk wanda ya taɓa kai wake ko riɗi kan sikeli zai gane shi da sauri, don kuwa awo ake yi. Ana ba mai nema maki bisa shekarunsa, da zurfin karatunsa, da iya Ingilishi ko Faransanci, da yawan shekarun da ya yi yana aikin da ya ƙware a kai. Ƙololuwar makin 1,200 ne. Mai shekara 20 zuwa 29 shi ke kwashe makin shekaru gaba ɗaya, daga 30 abin ya fara raguwa, wanda ya kai 45 kuwa ba ya samun ko ɗaya ta wannan fanni. In wata jiha ta Kanada ta zaɓi mutum da kanta, ana ƙara masa maki 600. Lokaci lokaci hukuma kan sanar da makin da ta tsayar, ta gayyaci waɗanda suka kai shi, kuma wanda aka gayyata kwana 60 gare shi ya kai cikakkun takardu.

Kafin a kai nan, sai mutum ya zauna jarrabawar harshe, irin su IELTS ga masu Ingilishi, ko TEF da TCF ga masu Faransanci, kuma sakamakon shekara 2 kawai yake aiki. Sai ya aika diplom ɗinsa ga wata hukuma da Kanada ta amince da ita ta tantance shi. Sai shaidar ƴan sanda cewa ba shi da laifi, sai gwajin lafiya wurin likitan da su suka zaɓa. Abin lura ga ƴan kasuwa shi ne wannan sikeli ba ya auna dukiya. Alhajin da ke da shaguna uku da manyan motoci, in ba shi da diplom da harshe da shaidar aiki a rubuce, malamin asibiti ɗan shekara 28 ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Lissafin kuɗi

A shekarar 2024 kuɗin da hukumar Kanada ke karɓa a kan babban mutum guda ya kai dala 1,525, kuma muna maganar dalar Kanada ne, kada a ɗauka dalarmu ta kasuwa ce. Ban da wannan, dole mai nema ya nuna yana da abin da zai riƙe kansa in ya sauka. A 2025 an tsayar da dala 15,263 ga mutum ɗaya, wato sama da miliyan 6 na sefa, mai iyali kuwa abin ya fi haka. Doka ta ce kuɗin nan kada su zama na rance, kuma takardar banki sai ta nuna yadda asusun ya kasance wata 6 baya. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce a ara masa miliyan biyar ya zuba a banki na sati biyu don a ɗauki hoton takarda, ya jefa kansa da mai kuɗin cikin hatsari. Wanda Kanada ta kama da ƙarya a takardunsa, shekara 5 ake hana shi sake nema.

Faɗuwar naira ta ƙara dagula lissafin. A watan Mayu 2023 dalar Amurka guda tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da gwamnatin Bola Tinubu ta janye tallafin man fetur ta kuma saki naira a watan Yuni na wannan shekara, kafin tsakiyar 2024 dala ta haura naira 1,400. Mu da ke canji a Ɗan Isa da Birnin Ƙonni da Magarya mun ga abin da idonmu. Ma'anarsa ita ce wanda ya sayar da fili ya ajiye naira don tafiya, ya wayi gari kuɗinsa ba su kai rabin abin da ake nema ba. A 2024 har an sami ɗaliban Nijeriya a Ingila da aka dakatar daga karatu saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. Wannan faɗuwa ita ke ƙara wa mutane son fita, ita ce kuma ke tsawwala kuɗin fitar.

Ƙofofin suna ƙanƙancewa

Wanda ke ba ka labarin yadda ɗan'uwansa ya tafi a 2022 yana ba ka farashin bara ne. A watan Fabrairu 2022 Ingila ta buɗe ƙofa ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya, dubban ƴan Nijeriya suka shiga da iyalansu. A watan Janairu 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, a watan Maris aka hana masu kula da tsofaffi su ma. A watan Afrilu 2024 mafi ƙarancin albashin da ake nema ga bizar ƙwararru ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a shekara, a watan Yuli 2025 ya koma 41,700, aka kuma rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje baki ɗaya. A watan Mayu 2025 gwamnatin Keir Starmer ta gabatar da shirin mai da jiran takardar dindindin daga shekara 5 zuwa 10.

Kanada ma ta ja birki. A watan Oktoba 2024 ta rage yawan waɗanda za ta ba zaman dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000, ta tsayar da 380,000 ga 2026. Daga ƙarshen watan Afrilu 2024 har ƙarshen 2025 ba ta sake yin gayyata ta kowa da kowa ba, sai ta waɗanda ke cikin ƙasar suna aiki, da waɗanda jihohi suka zaɓa, da wasu rukunai kamar ma'aikatan lafiya da masu Faransanci. Amurka kuwa, ta cire Nijeriya daga cacar bizar da take yi kowace shekara tun zagayen 2015, saboda yawan ƴan ƙasar da suka riga suka shiga. A watan Disamba 2025 Donald Trump ya sa hannu a kan wata doka da ta sa Nijar da Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka hana wa shiga gaba ɗaya, ta kuma taƙaita bizar ƴan Nijeriya, har da ta masu neman zama.

Kasuwar ƴan damfara

Duk inda ƙofa ta ƙanƙance, nan dillalai ke kafa rumfa. A Ingila, mai ɗaukar ma'aikaci ne ke ba shi takardar ɗaukar nauyi, kuma doka ta hana sayar da ita, amma an yi ta sayar wa mutane da miliyoyin naira, su sauka su tarar babu aikin. Gwamnatin Ingila da kanta ta ce tsakanin Yuli 2022 da Disamba 2024 ta soke lasisin kamfanoni sama da 470 a fannin kula da tsofaffi, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Ga mutum ya ci bashi, ga shi a ƙasar sanyi, ga kuɗin haya, ga iyali a gida suna jiran aike. A Kanada ma cinikin takardun aiki na bogi ne ya sa a watan Maris 2025 aka daina ba da ƙarin maki ga mai riƙe da alkawarin aiki. Dokar Kanada ta ce ba mai karɓar kuɗi don ya wakilci mai nema sai lauya ko wakilin da ke da rajista a can, kuma ana iya duba sunansa a intanet kyauta. Ba wakilin da ke da ikon ba da biza. Wanda ya ce maka ya san wani a ambasad, ka riƙe jakarka da kyau.

Ina abin ya shafe mu?

Na farko, ta fannin lafiya. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa da yawa, in ciwo ya yi tsanani, asibitocin Kano da Katsina da Sakkwato suke nufa. A 2024 ministan lafiya na Nijeriya, Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci 15,000 zuwa 16,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara 5, hukumar malaman jinya kuma ta ce mutanenta 42,000 suka fita cikin shekara 3. Duk likitan da ya tashi daga Kano ya koma Manchesta, layin da majinyacinmu zai bi ya ƙara tsawo, kuɗin asibitin kuɗi kuma ya ƙara tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya da Nijar duka cikin jerin ƙasashe 55 da ta ce a 2023 bai kamata a riƙa zuwa ana kwashe ma'aikatan lafiyarsu ba, sai dai jerin bai hana mutum nema da kansa ba.

Na biyu, ta fannin harshe. Kanada na son ƙara yawan masu Faransanci a wajen jihar Kebek, shi ya sa tun 2023 take yi masu gayyata ta daban. A farkon 2024, lokacin da gayyatar kowa da kowa ke neman maki sama da 500, an sha gayyatar masu Faransanci da makin da bai kai 400 ba. Yau matasan Legas da Abuja na biyan kuɗi suna koyon harshen da ƴaƴanmu suka tashi da shi a lakkol. Kenan wannan zazzaɓi ba zai tsaya a bakin iyaka ba. Gobe ɗanki mai diplom, ko ƙanenka malamin asibiti, shi zai zo da wannan magana, kuma ƙasarmu da ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi ita za ta ji a jikinta.

Ba mu ce fitar ba ta da amfani ba. Kuɗin da ƴan Nijeriya na waje ke aikowa gida ya kai kimanin dala biliyan 20 ta Amurka a shekara, kuma wani kaso nasa a kasuwa yake ƙarewa. Wanda ya bi hanya ta gaskiya, da diplom na gaskiya, ya fi wanda ya bi hamada nesa. Amma a sani cewa likita ko injiniya in ya sauka sai ya sake jarrabawa kafin a bar shi ya yi aikinsa, kuma da yawa kan yi shekara ɗaya ko biyu suna tuƙin mota ko aikin sito kafin ƙafarsu ta tsaya. Mai jiran a mai da masa jarinsa cikin wata shida ya yi kuskuren lissafi.

Shawararmu ga duk Alhaji ko Hajiya da aka zo wa da wannan buƙata ita ce a yi mata irin binciken da ake yi wa kaya kafin a saro. A tambayi yaron wace ƙasa, wace irin takarda, ta aiki ce ko ta dindindin. A ce ya nuna sakamakon jarrabawar harshe da makin da ya samu, a kwatanta da makin da hukuma ta tsayar a gayyatarta ta baya-bayan nan. Kuɗin hukuma a biya su kai tsaye ga hukuma, a karɓi rasit, kada a damƙa su ga dillali. Kada a taɓa kuɗin adashen jama'a ko kayan amana, kada a jinginar da gida ko rumfa. Abin da za a bayar ya zama wanda in ya tafi bai dawo ba kasuwa ba za ta durƙushe ba, kuma a faɗa tun farko, a gaban shaidu, kyauta ce ko bashi, don kada kuɗi su raba zumunci. In makin yaro bai kai ba, gara a sa kuɗin ya ƙara karatu ko a buɗe masa sana'a, ya sake gwadawa baɗi.

Allah ya ba mu damina mai albarka da ciniki na halal, ya tsare mana ƴaƴanmu na gida da na waje. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.