Waiwaye: Ranar Da Mai Ya Ƙare A Samaniyar Sakkwato

Duk mai bin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya san filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, musamman lokacin tashin alhazai. Amma matasa kaɗan ne suka san cewa ranar 26 ga Yuni 1991, wani jirgin kamfanin Okada Air ƙirar BAC 1-11, ɗauke da mutum sama da 50, ya yi ta shawagi yana laluben filin nan har mansa ya ƙare, ya sauko a jeji 'yan kilomitoci daga titin sauka. An rasa rayuka, ko da yake mafi yawa sun fito da ransu.

Kano za shi, yanayi ya hana shi sauka, ya juyo Sakkwato. Wato yana da wurin fakewa. Sai dai man da ake warewa domin fili na biyu, na a je a sauka ne, ba na a je a yi ta neman fili ba.

Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, a fili take. Kafin a tashi, matuƙi zai lissafa man tafiya, ya ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda tsautsayi, ya ƙara wanda zai kai shi fili na biyu, sannan ya ajiye na shawagin minti 30 wanda ba a taɓawa sai rai ya kai ga halaka. Idan tsibiri ne da ba shi da maƙwabci, irin Easter Island da ke kusan kilomita 3,700 daga Santiago, sai a ɗora masa man awa biyu cur bayan isa, a kuma tsayar masa da wani wuri a hanya wanda in ya wuce shi babu komawa. Kafin ya kai nan dole ya sake tambayar yanayin gaba. A 2009 wani jirgin ɗaukar marasa lafiya ya isa tsibirin Norfolk ya tarar gajimare ya rufe shi, babu man zuwa ko'ina, ya sauka a teku. Mutum shida ne, Allah ya kuɓutar da su duka.

Mu ba teku ne ya kewaye mu ba, amma wanda ya taɓa tsayawa bakin kasuwar Boɗinga a watan Janairu, ya ga direbobi sun kunna fitila da hantsi, ƙura ta yi wa gashin ido fari, ya san hazo kan mai da gari tsibiri. Hazon da ya rufe Sakkwato yakan rufe Birnin Kebbi, Katsina da Kano a rana guda. To ina amfanin fili na biyu a takarda, alhali shi ma ba a ganinsa, ko fitilunsa da na'urorin saukarsa ba sa aiki?

Shi ya sa raina kan ɓaci in na ji fasinja na zagin ma'aikata don an jinkirta tashi, ko alhaji na kumfar baki don an bar jakarsa sai jirgi na gaba. Jirgi na da iyakar nauyi. Wani lokaci sai an rage kaya ake samun wurin ƙarin mai. Fushin nan ya fi dacewa da tambayar hukumomin kula da sufurin jiragen sama na ƙasar nan, wato NCAA da NAMA da FAAN: fitilun titin saukar jirgi na Sakkwato da na Birnin Kebbi suna ci kullum? Filayen a buɗe suke in jirgi ya juyo ba zato cikin dare? Rahoton hukumar hasashen yanayi, NiMet, yana isa ga matuƙi kan lokaci?