Wa zai kai labarin rezon bakin iyaka ga masu tsara intanet?

Duk ɗan kasuwar da ke kai da komo tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, ko Ɗan Issa da Jibiya, ya san wannan matsala. Kana cikin aika wa abokin ciniki hoton kaya, salula ta saki rezon Nijar ta kama na Najeriya, saƙo ya tsaya cak. Mai saye kuwa ba ya jira.

To, jama'a, intanet ma tana da tiyarta. Kamar yadda cinikin hatsi ba ya yiwuwa sai an yarda da ma'auni ɗaya, haka na'urori ba su fahimtar juna sai da ƙa'ida ɗaya. Ƙungiyar IETF, wadda aka kafa a 1986, ita ke rubuta yawancin waɗannan ƙa'idodi. Ba ta gwamnati ba ce, ba a yankar katin shiga, kowa na iya sa baki. Bisa tsarinta na 2011, ƙa'ida ba ta kai matakin ƙarshe sai aƙalla ɓangarori biyu sun gina ta, kowa da kansa, ta yi aiki tsakaninsu, an kuma ga amfaninta a hannun jama'a. Ke nan shaidar wanda ya gwada tana da nauyi.

Ga misali. Kamfanin Google ya fara gwada wata hanyar aika bayanai mai suna QUIC a 2013, ya kai wa IETF sakamakon, aka yi ta gyara har ta fito a 2021. Cikin abin da ta zo da shi akwai riƙe sadarwa ko da salula ta sauya rezo. Ba ta kafa eriya inda babu, ba ta rage kuɗin kira a ƙetare, amma ta taɓa ciwonmu.

Abin da ke damunmu shi ne, galibin masu kai irin wannan shaida manyan kamfanoni ne na Amurka da Turai da Asiya. Ƙurar hunturu, ɗaukewar lantarki, da rezo biyu masu kokawa a kan salula ɗaya, wa ya auna su?

Injiniyoyin kamfanonin wayarmu da malaman jami'o'inmu ya kamata su auna, su rubuta, su kai. Suna da dandali, domin tun shekarar 2000 ma'aikatan intanet na Afirka ke haɗuwa a taron AfNOG. Sai dai injiniya a Yamai ba ya kwana a kasuwa. Muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa su buɗe littafi: wuri, rana, lokaci, da abin da ya katse. Mu a gidajen rediyo za mu karanta shi a iska, mu miƙa wa kamfanoni.